Mabuɗi ɗaya a hannun mutum 32: amsa kan rabon izini a manhajar asibiti

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ce mai kula da gudanarwa a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a cikin garin Katsina. Na yayana ne, shi likita ne, mu 32 ne ma'aikata. Shekara biyu ke nan muna amfani da manhaja wajen yankan kati, karɓar kuɗi, ba da magani da sakamakon gwaji. Tun ranar da aka saka ta, suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya kowa yake shiga da su. A watan jiya muka gano an soke wasu rasit bayan an karɓi kuɗin, kuma an rasa wanda ya yi, don sunan nan guda ɗaya manhajar take nunawa. Wanda ya sayar mana da ita ya ce a kunna wani abu wai shi RBAC, kuma sai mun ƙara kuɗi. Mene ne shi? Zai hana irin wannan? Kuma yaya zan yi kada ma'aikata, waɗanda wasunsu 'yan uwa ne, su ga kamar na mai da su ɓarayi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa wa asibitin albarka. Tambaya uku kika haɗa wuri guda: abin da RBAC yake, ko zai toshe ɓarakar da kika gani, da yadda za a shigo da shi ba tare da an ɓata zumunci ba. Ta farko mai sauƙi ce. Ta biyu amsarta i, amma da sharuɗɗa. Ta ukun ce mai wuya, kuma ita ce babu mai sayar da manhajar da zai yi miki ita ko nawa kika biya.

Bari in fara da mara daɗin. Rasit ɗin da aka riga aka soke, babu tsarin da za a kunna yau ya gaya miki hannun da ya soke su. Iyakar abin da za ki iya shi ne ki sa a fito miki da rana da lokacin da aka yi kowace sokewa, da kwamfutar da aka yi a kanta idan manhajar tana ajiye wannan, ki gwada da jadawalin aiki na ranakun. Zai iya rage yawan waɗanda ake zargi, amma ba hujja ba ce, don kowa na iya zama a kan kowace kujera. Kada ki tuhumi kowa da wannan kaɗai.

Iko na rawani ne

Duk manhajar da ke riƙe da bayanai masu muhimmanci tana yi wa mai shiga tambaya biyu. Ta farko: wane ne kai? Wannan ita ce tantancewa, aikin sunan shiga da kalmar sirri. Ta biyu: me aka yarda ka yi a nan? Wannan shi ne izini. RBAC taƙaitaccen suna ne na Turanci, ma'anarsa ba da izini bisa muƙami, kuma tambaya ta biyu yake amsawa. Sai dai ba ya tsayuwa sai an amsa ta farko da gaskiya. A asibitinku a yanzu, mutum 32 suna ba da amsa ɗaya ga tambayar "wane ne kai", don haka manhajar mutum ɗaya ta sani, kuma ta ba shi komai.

Bakatsine ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan tsari, don ya girma a cikinsa. Kaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi su ne masu zaɓen Sarkin Katsina. Wannan hurumi ba na wani mutum ba ne da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa, na sarautar ne. Ranar da aka naɗa wa mutum rawanin, ya sami kujerar da duk abin da ke tattare da ita. Ranar da ya bar ta, hurumin bai bi shi gida ba, yana nan yana jiran magaji. Haka ake yi a manhaja. Ba a cewa wance tana iya karɓar kuɗi. Ana cewa kashiya tana iya karɓar kuɗi da buga rasit, sannan a ce wance ita ce kashiya. Abu uku ne: mutane, muƙamai, da izini. Izini yana manne da muƙami, mutum kuma ana naɗa shi a muƙami, ana sauke shi.

Bankuna da ma'aikatu sun daɗe suna yin haka a takarda kafin kwamfuta. Waɗanda suka fara tsara shi a matsayin ƙa'idar tsaron kwamfuta su ne David Ferraiolo da Richard Kuhn na NIST, hukumar ƙa'idoji da fasaha ta Amurka, a 1992. A lokacin hanya biyu aka fi sani. Ko dai mai fayil ya ba wanda ya ga dama izini, ko kuma irin ta sojoji, inda ake yi wa takardu matakan sirri, a yi wa mutane matakan amincewa. Ta farko ta yi sako-sako, ta biyu ta yi tsauri ga banki ko asibiti. A 1996 Ravi Sandhu da abokan aikinsa suka faɗaɗa tsarin, a 2004 kuma ya zama ƙa'ida ta ƙasa a Amurka mai lamba INCITS 359. Na kawo shekarun ne don ki san cewa abin da ake son sayar miki a matsayin ƙari na musamman ya haura shekara 30 a duniya.

Amfaninsa na farko lissafi ne. A ce manhajarku tana da ayyuka 60 da za a iya buɗewa ko rufewa. Idan mutum-mutum za a bi, hukunci 1,920 ke nan za ki yanke wa mutum 32, kuma duk sabon ma'aikaci sai an sake zama. Idan muƙamai takwas ne, sau ɗaya za ki zauna ki tsara su, daga nan aikinki naɗi da saukewa kawai.

A takarda ake farawa

Kuskuren da na fi gani shi ne a kira mai manhaja a ce ya "saita mana". Shi bai san asibitinku ba. Zai ba ku abin da ya ba na baya, ko kuma ya buɗe wa kowa komai don kada a dame shi da waya. Ki ɗauki littafi ki zauna da kowane sashe. Kada ki tambayi mutum me yake buƙata, don kowa zai ce komai. Ki tambaye shi me ya yi jiya a kan kwamfuta tun daga zuwansa har tashinsa. Sannan kowane abu da ya ambata ki raba shi gida shida: gani, shigarwa, gyarawa, sokewa, amincewa, da fitarwa waje, wato bugawa ko kwafewa. Yawancin ɓarna a gida uku take kwana: gyarawa, sokewa da fitarwa.

Asibiti irin naku da wuya ya wuce muƙamai takwas zuwa goma: mai kati, kashiya, nas, likita, mai ba da magani, ma'aikacin ɗakin gwaji, akanta, mai gudanarwa, da mai kula da manhajar ita kanta. Mai kati yana buƙatar suna da adireshi da lambar waya, ba ya buƙatar sanin ciwon da ya kawo mutum. Ɗakin gwaji ya shigar da sakamako, amma da zarar ya tura, gyara sai da dalili a rubuce kuma tsohon sakamakon ya zauna a ajiye. Akanta ya ga duk kuɗi, kada ya taɓa ko kwabo. Wannan ƙa'ida ta a ba kowa iya abin da aikinsa ke buƙata ba ƙari, Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun rubuta ta tun 1975, kuma har yau babu abin da ya maye gurbinta.

A kan kashiya zan tsaya, tunda nan ciwonki yake. Kashiya ta karɓi kuɗi, ta buga rasit, ta ga cinikin da ta yi a ranar. Kada ta iya canja farashi, kada ta iya yin rangwame, kada ta iya soke rasit. Idan ta yi kuskure, kuma dole za ta yi, sai ta tura buƙatar sokewa da dalili, wani daban ya amince. Wannan shi ake kira raba ayyuka: hannun da ya karɓa ba shi ne zai goge ba. Bankin Barings na Ingila ya haura shekara 200 yana aiki, amma a 1995 ya durƙushe saboda ma'aikacinsa ɗaya a Singafo, Nick Leeson, shi ne mai yin ciniki kuma shi ne mai kula da ofishin da ke tantance cinikin. Ya ɓoye asarar da ta kai fam miliyan 827, aka sayar da bankin a kan fam ɗaya. Abin da ya faru da rasit ɗinku ƙanen wannan ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Na san abin da za ki ce: da dare mutum ɗaya ne yake yankan kati kuma yake karɓar kuɗi, ba ku da halin ɗaukar biyu. Tsarin ya san da haka. Akwai rabuwa ta dindindin, wadda ke cewa mutum ɗaya ba zai taɓa riƙe muƙamai kaza da kaza tare ba, misali kashiya da akanta. Akwai kuma rabuwa ta lokacin aiki, wadda ke barin mutum ya riƙe muƙamai biyu amma ba zai yi amfani da su a lokaci guda ba. A aikace abin da kike so shi ne mai aikin dare ya riƙe kati da kuɗi, amma buƙatar sokewar da ya tura ta kwana tana jiran ki ko akanta da safe. Babu majinyacin da zai cutu don sokewar rasit ta kai gobe.

Akwai kuma gado tsakanin muƙamai. Babbar nas tana gadon duk izinin nas, sannan a ƙara mata nata, kamar tsara jadawali. Wannan yana rage aiki, amma a nan ne ake faɗawa rami, don mutane suna ɗauka cewa girman kujera shi ne yawan izini. Sai a ce tunda likita shi ne mai asibiti, a ba shi komai. Ni shawarata, yayanki ya riƙe asusu biyu, wato sunan shiga manhaja biyu. Na yau da kullum, na likita ne kamar kowane likita. Na biyu, mai cikakken iko, ba ya buɗe shi sai ranar da za a yi naɗi ko gyaran tsari, kuma da wata kalmar sirri daban. Dalili kuwa, asusun da ya fi iko shi ɓarawo ya fi so, kuma mai gida shi ne ya fi kowa barin kwamfuta a buɗe ya ruga ɗakin tiyata. A watan Yulin 2020 wasu matasa suka yaudari ma'aikatan Twitter ta waya, suka kai ga kayan aikin cikin gida na kamfanin, suka taɓa asusu 130, har da na Barack Obama da Bill Gates. Ba katanga suka fasa ba, mabuɗin masu gida suka karɓa.

Bayarwa ba wuya, karɓewa ce aiki

Idan za ki riƙe abu ɗaya daga wannan amsa, to wannan ne. Duk inda na je na tarar da tsarin muƙamai ya lalace, ba ranar kafa shi aka lalata shi ba. A hankali ya ruɓe, saboda ana naɗi kullum amma ba a saukewa.

Na taɓa duba manhajar sakamakon jarrabawa ta wata makaranta mai zaman kanta a Daura. Na tarar da wani malami da ya fara a matsayin malamin aji, aka mai da shi jami'in jarrabawa, daga baya aka ce ya riƙa taimaka wa ofishin kuɗi. Duk muƙaman uku suna nan a kansa. Mutumin kirki ne, bai ma san yana da su ba, amma a ranar yana iya shigar da maki, ya amince da makin da ya shigar, ya kuma cire wa ɗalibi bashin kuɗin makaranta. A wurin dai na ga asusun wani ɗan bautar ƙasa da ya gama ya koma garinsu da daɗewa, yana nan da ransa. Irin wannan asusu ne ya jawo wa kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka bala'i a watan Mayun 2021. Masu kutse sun shiga ta wani tsohon asusun shiga daga nesa da ba a amfani da shi kuma ba a rufe ba, kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa. Aka tsayar da bututun kwanaki, aka biya fansa ta kusan dala miliyan 4.4.

Maganin ba na fasaha ba ne, na ofishinki ne. Takardar ɗaukar aiki, takardar canjin sashe da takardar sallama, kowace ta zama tana da layin da ke cewa an buɗe, an canja ko an rufe asusu, da sa hannu. Kada a biya mai tafiya haƙƙinsa na ƙarshe sai an cike layin. Ɗaliban koyon aiki, 'yan bautar ƙasa da likitocin da ke zuwa riƙon ƙwarya, a sa wa asusunsu ranar mutuwa tun ranar buɗewa. Sannan duk wata uku ki buga jerin sunaye da muƙamai, ki ba shugaban kowane sashe ya duba nasa. Aikin awa ɗaya ne. Kuma mai tafiya a kashe asusunsa ne, kada a goge shi, don sawunsa na baya ya zauna.

Ni ma na taɓa yin nawa kuskuren, ta ɗaya gefen. A farkon aikina na tsara wa wani kamfanin rarraba kaya muƙamai, duk wanda ya zo da ƙorafi sai in ƙirƙira masa sabon muƙami daidai wuyansa. Kafin shekara ta zagayo muƙaman sun kusa kai yawan ma'aikatan, ni kaina ban san bambancin wasu ba. Dole muka rushe muka sake. Idan kika ga muƙamai suna neman kamo yawan mutane, an koma gidan jiya ne da sabon suna.

Zaure, shigifa, tsakar gida

Manhaja rabin gida ce. Ɗaya rabin shi ne netwok ɗin da kwamfutocin ke magana a kansa. A ƙananan asibitoci da yawa da na shiga, rawuta ɗaya ce, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin da juna da intanet, wayifai ɗaya, kalmar sirri ɗaya, kuma a kanta kwamfutar da ke ajiye bayanan majinyata take, da kyamarorin tsaro, da wayoyin ma'aikata, da wayar ɗan jinyar da aka ba don ya kira gida. Kakanninmu ba su gina gida haka ba. Baƙo iyakarsa zaure, na kusa ya kai shigifa, tsakar gida sai mai hurumi, turaka kuwa ba a maganarta. Haka ake yanka netwok gida-gida, abin da masu sana'ar ke kira VLAN: na baƙi ya fita intanet kawai, na ma'aikata ya kai ga manhaja, na kyamarori daban, saba kuma, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan, a can ƙurya. Inda aka ci gaba, ana amfani da ƙa'idar 802.1X da sabar RADIUS, ta yadda kowa zai shiga wayifai da sunansa, netwok ɗin ya ajiye shi a gidan da muƙaminsa ya ba shi. Ku ba lallai ku kai nan ba a yanzu. Raba baƙi da ma'aikata kaɗai babban ci gaba ne, kuma rawuta irin MikroTik da ake yawan sakawa a ofisoshinmu tana iya yi ba tare da an sayi sabon kaya ba. Ita kanta rawutar tana da matakan izini uku, mai kallo kawai, mai gyara, da mai cikakken iko. Ki tambaya su wa ke riƙe da na ukun.

Kada ki manta da shi kansa mai manhajar. Yawancinsu suna barin AnyDesk ko TeamViewer a kunne dare da rana don su yi gyara daga nesa. Shi ma muƙami ne, a ba shi asusu da sunansa, a buɗe masa ƙofa lokacin da aka kira shi, a rufe idan ya gama. Kantin Target na Amurka ta hannun ɗan kwangilar na'urorin sanyaya ɗaki aka shige shi a 2013, aka kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40. Sannan idan sabar taku tana ƙarƙashin teburin kashiya ne, kowa na iya soka mata filashi, to duk maganar da muke yi ta tashi a banza. A kai ta ɗaki mai kwaɗo.

Yadda za ki gwada mai sayarwa

Wasu manhajojin ɓoye maɓalli kawai suke yi. Kashiya ba ta ganin maɓallin sokewa, amma sabar ba ta bincika waye ya aiko da umarni. Wannan labule ne, ba ƙofa ba. Matsalar ta yi yawan da ƙungiyar OWASP, mai fitar da jerin manyan raunukan manhajojin intanet guda goma, ta sa karyewar tsarin izini a lamba ta ɗaya a jerinta na 2021. Idan manhajarku ta burauza ake buɗe ta, ga gwajin da za ki yi da hannunki a gabansa. Ki shiga a matsayin akanta, ki buɗe shafin rahoton kuɗi, ki kwafi adireshin da ke sama. Ki fita, ki shiga a matsayin mai kati, ki manna adireshin. Idan shafin ya buɗe, ba a yi komai ba tukuna.

Ki kuma sa ya nuna miki, ba ya gaya miki ba, kundin sawu: wa ya yi me, yaushe, a wace kwamfuta, me ke wurin kafin ya canja. Ki tambaya ko mai cikakken iko zai iya goge kundin. Idan zai iya, a riƙa fitar da kwafinsa kowane mako ana ajiyewa wani wuri. Ki tabbata ke da kanki za ki iya buɗe asusu da rufewa ba sai kin kira shi ba.

Batun kuɗi, ban ga yarjejeniyarku ba, don haka ba zan ce ya cuce ku ba. Kuɗin zama ya tsara, ya gyara netwok, ya horar da ma'aikata, halal ɗinsa ne. Wasu kuma bisa yawan masu shiga suke sayar da lasisi, wanda sau da yawa shi ne asalin dalilin da ya sa aka fara raba asusu ɗaya. Amma a ce ba wa kowa sunansa da muƙaminsa wani kayan alatu ne, ban yarda ba. OpenMRS, manhajar bayanan majinyata ta kyauta, da muƙamai da izini take zuwa. WordPress da yara ke buɗe shafin intanet da ita muƙamai biyar gare ta tun daga tushe. Ki shiga ciniki da wannan a hannunki.

Abin da ba zai yi ba

RBAC ya san muƙami, bai san niyya ba. Nas tana da izinin buɗe fayil ɗin majinyaci, don haka ba zai hana ta buɗe na maƙwabciyarta ko na kishiyar ƙanwarta ba. A gari irin Katsina, inda in aka bi salsala kowa ɗan uwan kowa ne, wannan ya fi satar kuɗi haɗari. Sakamakon gwajin ciki ko na cuta mai karya garkuwar jiki idan ya fita, aure yake kashewa. Akwai tsarin da ya fi shi zurfi, wanda ke duba yanayi, misali ko majinyacin yana ɗakin da nas ɗin take aiki, ko lokacin aikinta ne. NIST ta fitar da jagora a kansa a 2014. Ƙananan manhajoji da yawa ba su da shi. Abin da ya rage muku shi ne kundin ya riƙa rubuta har buɗe fayil, ba gyara kaɗai ba, ke kuma ki riƙa ɗaukar wasu fayiloli jefi-jefi kina duba su wa suka leƙa, kuma kowa ya san kina yi.

Ba zai hana haɗin baki ba. Idan kashiya da mai amincewa suka shirya, sai dai ƙidayar kaya da gwada kuɗin hannu da na banki su kama su. Ba ya aiki lokacin da aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, aka koma rasit na hannu, don haka littafin rasit ɗin ya zama mai lamba a jere kuma a san wanda ya karɓe shi. Kuma a asibiti tsauri yana iya kisa. Dole a bar ƙofar gaggawa, yadda likita ko nas za su iya buɗe abin da aka rufe musu idan rai na cikin haɗari, su rubuta dalili, saƙo ya zo miki, a duba daga baya.

Ki sani kuma wannan ya wuce zaɓi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa mai kula da asibiti alhakin kafa matakan hana wanda ba shi da hurumi kaiwa ga bayanan majinyata. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma ta ce idan aka sami ɓarakar da za ta iya cutar da mutane, a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. Wanda bai san wa ya buɗe me ba, me zai rubuta a rahoton?

Maganar 'yan uwa

Hajiya, ki juya maganar. A yau duk mutum 32 abin zargi ne, har ke, har yayanki, saboda laifin mutum ɗaya ko biyu. Mai gaskiya a cikinsu ba shi da abin da zai wanke kansa da shi. Ranar da kowa ya sami sunansa, shi ne ya fi kowa riba. Haka za ki faɗa musu, kuma gaskiya ce, ba dabara ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi a tsakaninsu su kafa shaidu. Ba a ce don ana zargin su ba ne. Rubutu yana tsare zumunci daga mantuwa da zato.

Ki fara da kanki. A taron ma'aikata, likita ya faɗa da bakinsa cewa shi ma daga yau ba ya iya soke rasit da asusunsa na kullum, ke ma ba kya ganin sakamakon gwajin kowa. Idan manya suka fara sauke nasu, ƙanin miji ko ɗiyar gwaggo ba su da bakin cewa an ware su.

Babban abokin gabarki bayan an kunna shi ne "ɗan ba ni naka in shigar da abu ɗaya". Kunya ba za ta bar ƙaramar nas ta hana babba ba, balle likita. Don haka dokar ta fito daga sama a rubuce: duk abin da aka yi da sunanka, kai ka yi, kuma laifin mai roƙo ya fi na mai bayarwa. Wannan zai ba ƙanana abin fakewa, su ce doka ce ta hana. Amma duk lokacin da kika kama ana aron asusu, kafin faɗa ki tambayi dalili. Sau da yawa za ki tarar an matse wani muƙami fiye da kima, ko sabon ma'aikaci ya yi mako bai sami nasa ba, ko kwamfuta ɗaya mutum huɗu ke rububi kuma fita da shiga na cin lokaci. Ki gyara wannan, ki sa allon ya riƙa kulle kansa bayan 'yan mintoci, asusun masu babban iko kuma a ƙara musu lambar da ke zuwa ta waya idan manhajar tana da ita.

Kada ku kunna wa kowa rana ɗaya. Ku fara da kuɗi da ɗakin magani, bayan mako biyu sauran su biyo, kuma ku kauce wa Litinin da ranar awon ciki. Makon farko mai manhajar ya zauna a asibitin, don za a sami abubuwan da aka manta, kuma gara a gyara nan take da a ce mutane su koma tsohon asusu. Shi tsohon asusun, ranar da sashe na ƙarshe ya koma sabon tsari, a canja masa kalmar sirri zuwa doguwa wadda ba wanda ya haddace, a rubuta a takarda, a liƙe a ambulan, ke da likita ku sa hannu a bakin liƙin, a kulle a sef. Duk ranar da aka buɗe ambulan ɗin, a rubuta dalili, a sake wata kalmar, a liƙe sabo.